James Nasmyth: Daga murhun ɗakin kwana zuwa gudumar tururi

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin maƙera ya san cewa aikin ƙira a kan wuta da duka ya rataya. Zuga-zugi ya hura, ƙarfe ya yi ja, a ɗora shi bisa uwar maƙera, masaba ta sauka. To amma ƙarfin damtsen maƙeri yana da iyaka, kuma a farkon ƙarni na 19, lokacin da Turawan Birtaniya suka dukufa wajen ƙera jiragen ƙasa da manyan jiragen ruwa, wannan iyaka ta zame musu ƙarfen ƙafa. Mutumin da sunansa ya fi fita wajen warware matsalar shi ne James Nasmyth, wanda ake danganta wa guduma mai aiki da tururi. Abin da ya sa tarihinsa ya cancanci waiwaye shi ne, ba shi da digiri ko guda, kuma takardar shaidar da ta buɗe masa ƙofa wani ɗan ƙaramin inji ne da ya ƙera da hannunsa a gidan mahaifinsa.

An haifi Nasmyth ranar 19 ga Agusta, 1808, a birnin Edinburgh na ƙasar Sikotland. Mahaifinsa, Alexander Nasmyth, sanannen mai zane ne, amma yana da sha'awar aikin hannu, har ya ware ɗaki guda a gidansa ya zuba kayan aiki, ciki har da injin feƙe ƙarfe da katako wanda ake juyawa da ƙafa. A wannan ɗaki yaron ya tashi. Karatun Latin da Girkanci da ake ɗura wa ɗalibai a makarantar da aka sa shi bai kama shi ba, ya bar ta yana ɗan shekara 12, ya koma zirga-zirga tsakanin ɗakin aikin mahaifinsa da wata masana'antar zubin ƙarfe ta mahaifin wani abokinsa, inda yake zura ido yana kallon yadda ake narka ƙarfe a zuba. Daga baya ya shiga ajin yamma na Makarantar Fasaha ta Edinburgh, wadda aka buɗe a 1821 domin masu sana'ar hannu, ya koyi lissafi da kimiyya. Zane kuwa a gida ya gaje shi, kuma shi ne ya zame masa harshen da yake tunani da shi har ƙarshen rayuwarsa.

Yana ɗan shekara 17 ya ƙera ƙaramin injin tururi da ke niƙa wa mahaifinsa launukan fenti. Daga nan ya shiga ƙera ƙananan samfuran injuna, waɗanda ake yanke gefensu domin a ga abin da ke gudana a ciki, yana sayar wa cibiyoyin koyar da ma'aikata a kan fam 10 kowane ɗaya. Da yake ba shi da tanderu, sai ya mayar da murhun ɗumama ɗakin kwanansa wurin narka tagulla, yana zubi da dare. Ya kamata mai karatu ya lura cewa ƙaramin inji ba wasan yara ba ne. Dole ramin silinda ya miƙe sak, fistin ya zauna a cikinsa ba matsewa ba sako-sako, bawul ya buɗe ya rufe a daidai lokacinsa, in ba haka ba tururi ya zurare, inji ya ƙi motsi. Kuskuren da babban inji zai haɗiye ya ci gaba da tafiya, ƙarami ba ya yafe shi. Wanda ya iya wannan da magagari da injin ƙafa, ya riga ya koyi rabin abin da babbar masana'anta za ta koya masa. Kafin ya cika shekara 20 ya ƙera mota mai tururi da ta riƙa ɗaukar mutum takwas a kan hanyar Queensferry.

Burinsa shi ne ya yi aiki a ƙarƙashin Henry Maudslay na Landan, wanda a zamaninsa ba a san wanda ya fi shi iya ƙera injunan da ke ƙera wasu injuna ba. Sai dai Maudslay ya daina karɓar 'yan koyo, domin 'ya'yan masu kuɗin da ake kawo masa ba su da himma, kuma ko da yana karɓa, mahaifin Nasmyth ba shi da kuɗin biya. A watan Mayu na 1829 saurayin ya isa Landan ɗauke da zane-zanensa da wani ƙaramin injin tururi da ya ƙera musamman domin wannan tafiya. Maudslay ya duba aikin, nan take ya ɗauke shi mataimaki a ɗakin aikinsa na kansa, a kan sule 10 a mako. Gani ya kori ji. Bai yi cikakkiyar shekara biyu tare da shi ba Maudslay ya rasu a 1831, amma a wannan ɗan lokaci ya sha tarbiyyar auna abu daidai da ƙin duk wani ƙari marar amfani a jikin inji.

A 1834 ya kama hayar bene a wata tsohuwar masaƙa a Manchesta, da injunan da shi ya ƙera abinsa. Bayan shekara biyu ya koma Patricroft, a wajen gari, inda layin dogo na Libaful zuwa Manchesta ya ratsa mashigin ruwa na Bridgewater, ya kafa masana'antarsa, ya kuma yi tarayya da Holbrook Gaskell wanda ya riƙe harkar kuɗi.

Labarin gudumar ya faro ne a 1839. Kamfanin da ke gina jirgin ruwa mai suna Great Britain yana buƙatar wata ƙatuwar sandar ƙarfe da za ta juya manyan filafilan jirgin, sai injiniyansa Francis Humphrys ya rubuto wa Nasmyth cewa ya rasa maƙerar da za ta iya dukan ta a duk faɗin ƙasar. Dalili kuwa shi ne, gudumar wancan zamani tana da doguwar ƙota da ke ɗagawa ta faɗo a karkace, kuma tazarar ɗagawarta ƙayyadajjiya ce. Idan ƙarfen da aka sa ƙarami ne, sai ta lafta masa duka mai tsanani. Idan babba ne, sai ya cike gurbin, ta rasa filin faɗowa, dukan ya zama shafa. Wato tana da ƙarfi inda ba a buƙata, tana da rauni inda ake buƙata. Nasmyth ya kifar da silinda a saman wasu ginshiƙai biyu, ya rataya dunƙulen ƙarfe mai nauyi a sandar fistin. Tururi ya shiga ta ƙasa ya ɗaga dunƙulen, a saki tururin, ya faɗo a miƙe bisa uwar maƙera. Mai riƙe da bawul shi ke zaɓen tsawon faɗowar da ƙarfinta. Zanen yana nan a littafin tsare-tsarensa da kwanan wata 24 ga Nuwamba, 1839.

Sai kuma aka sauya shawara, aka sa wa jirgin farfela, buƙatar sandar ta faɗi, zanen ya kwanta a littafi. A 1842 Nasmyth ya ziyarci masana'antar Schneider da ke Le Creusot a Faransa, ya tarar da gudumar tururi tana aiki, wadda injiniyansu François Bourdon ya gina. A nasa bayanin, Faransawan sun ga zanensa lokacin da suka ziyarci Patricroft. Faransawa kuwa sun tsaya a kan cewa Bourdon ya riga ya yi nasa zanen. Ya dawo gida da gaggawa ya yi rajistar mallakar fasahar a watan Yuni na 1842. Adalci ya sa a faɗi cewa James Watt ya ambaci irin wannan dabara tun 1784, kuma na'urar da ta sa gudumar ke sarrafa kanta, masana tarihi da dama suna danganta ta ga Robert Wilson, manajan masana'antar Nasmyth, wanda maigidan bai ba shi haƙƙinsa na yabo ba. Haka nan ma'aikata ba su ji daɗinsa ba, domin ya yi adawa da ƙungiyoyinsu da tsarin koyon sana'a na shekara bakwai, ya kuma ɗauko ma'aikata daga Sikotland ya karya yajin aiki.

Duk da haka, daga Patricroft ne gudumar ta bazu a duniya, aka sayar da ɗaruruwa. Akan nuna gwanintarta ta hanyar ɗora ƙwai a bakin kofin gilashi, ta fasa ɓawon ba tare da ta taɓa kofin ba, sannan ta saki dukan da ke girgiza ginin. Da wannan dabara ya ƙera injin kafa turaku a ƙasa. A tashar jiragen ruwa ta Devonport a 1845, injin ya kafa turke cikin minti huɗu da rabi, alhali tsohuwar hanya ta ci awa 12.

A 1856, yana ɗan shekara 48, ya ajiye kasuwanci ya koma ƙauyen Penshurst a Kent tare da matarsa Anne Hartop. Can ma ɗakin aiki ya koma. Ya duƙufa kan kallon wata da madubin hangen nesa mai faɗin inci 20 wanda ya ƙera da kansa, da wani tsari na karkato haske zuwa gefe wanda manyan madubai na yau suke amfani da shi, kuma da sunansa ake kiran sa. Da yake kyamarar zamanin ba ta iya ɗaukar wata sosai, sai ya gina ƙananan samfuran duwatsunsa da ramukansa da filasta, ya ɗauki hotonsu, aka buga a littafin da ya wallafa tare da James Carpenter a 1874. Ya rasu a Landan ranar 7 ga Mayu, 1890, bai bar ɗa ba. Akwai rami a doron wata mai ɗauke da sunansa.

Injunan matsa ƙarfe masu aiki da ruwa sun karɓe mafi yawan aikin gudumar tururi, amma har yau a Birtaniya akwai masu sha'awa da ke feƙe ƙananan samfuranta a ɗakunan bayan gida, kamar yadda shi ya fara. Darasin a fili yake ga iyaye da malamai da masu ɗaukar ma'aikata: yaron da ke ɓata lokaci da waya da gwangwani yana haɗa abin da ke motsi, a ba shi kayan aiki da lissafi da zane, kuma ranar da ya zo neman aiki a tambaye shi abin da ya ƙera, a duba da ido kamar yadda Maudslay ya duba.