Tarihin Taiichi Ohno, injiniyan da ya sauya yadda ake gudanar da aiki

Taiichi Ohno injiniyan masana'antar motoci ne, ba masanin kwamfuta ba. Sai dai tsarin aikin da ya shimfiɗa a kamfanin Toyota yana daga cikin tushen hanyar da kamfanoni da dama ke bi wajen rubuta manhajar kwamfuta a yau.

An haife shi ranar 29 ga watan Fabrairun 1912 a birnin Dalian na ƙasar Sin, lokacin da yankin ke ƙarƙashin ikon Japan.

Bayan ya kammala makarantar fasaha ta Nagoya a 1932, sai ya kama aiki a masaƙar iyalan Toyoda. A can ya san injin saƙar da Sakichi Toyoda ya ƙirƙiro, wanda kan tsaya da kansa da zarar zare ya tsinke, don kada a ci gaba da saƙa yadi mai aibi.

Wannan darasi, na tsayar da aiki tun ɓarna ba ta yi nisa ba, shi ya bi Ohno har ƙarshen rayuwarsa.

Ƙuncin bayan yaƙi

A 1943 ya koma kamfanin motoci na Toyota. Bayan yaƙin duniya na biyu Japan ta shiga matsi, ga ƙarancin kuɗi da kayan aiki, ga masu sayen mota ba yawa.

A 1950 kamfanin ya kusa durƙushewa. Ma'aikata sun shiga yajin aiki, aka sallami da dama daga cikinsu, shugaban kamfanin Kiichiro Toyoda kuma ya yi murabus.

Kamfanonin Amurka kan ƙera sassan mota da yawa su jibge a rumbu. Toyota ba ta da halin yin haka, kuma Ohno ya lura cewa tarin kaya yakan ɓoye kuskure, ba a ganewa sai an ƙera dubbai masu aibi iri ɗaya.

Daga 1953 ya fara amfani da wani ɗan kati da ake kira kanban da Japananci. Sashen da ke buƙatar kaya yakan aika katin ga sashen da ke bayansa, shi kuwa ba zai ƙera komai ba sai adadin da katin ya nuna.

An kuma ba ma'aikaci damar tsayar da layin haɗa mota idan ya ga matsala. Daga nan sai a riƙa tambayar dalili har sau biyar, har a kai ga asalin matsalar.

Shugabannin sassa da ma'aikata da yawa sun ƙi tsarin da farko, ga shi kuma an san Ohno da tsanani. Goyon bayan Eiji Toyoda ne ya kare shi, kuma sai da aka shafe kusan shekara goma kafin katin ya game masana'antun kamfanin.

Ya zama mataimakin shugaban Toyota a 1975, ya bar muƙamin a 1978, shekarar da ya wallafa littafinsa kan tsarin.

Daga mota zuwa manhaja

A da, masu rubuta manhaja kan tsara aikin duka a takarda, su daɗe suna ginawa, sannan su gwada a ƙarshe.

Irin wannan ya dace da aiki kamar madatsar ruwa ta Kainji da aka kammala a 1968, domin kankare ba ya sauyuwa bayan ya bushe. Manhaja kuwa tana sauyuwa, haka ma buƙatar mai ita, saboda haka sau da yawa akan gama aiki a tarar ba abin da ake so ba ne.

A watan Fabrairun 2001 masana 17 suka taru a jihar Utah ta Amurka, suka fitar da sanarwar da ake kira Agile. Ta yi kira da a riƙa miƙa wani yanki mai aiki na manhaja a kai a kai, a ji ra'ayin mai ita, a gyara, sannan a ci gaba.

A 2003 Mary da Tom Poppendieck suka wallafa littafin da ya fassara dabarun Toyota zuwa harkar manhaja. A 2004 kuma David Anderson ya gwada irin wannan tsari da wata tawaga a kamfanin Microsoft.

Yanzu allon kanban, mai nuna aikin da ke jira da wanda ake kan yi da wanda aka gama, ya zama ruwan dare a ofisoshin masu manhaja.

Tsarin bai rasa masu suka ba. Wasu na ganin yana matsa wa ma'aikata lamba, kuma rashin ajiya yakan tsayar da aiki idan kaya suka yanke, kamar yadda ya faru ga Toyota bayan girgizar ƙasar Japan ta 2011.

Ohno ya rasu ranar 28 ga watan Mayun 1990 a birnin Toyota, yana da shekara 78, wato shekara 11 kafin taron na Utah.