Florence Nightingale, Uwar Ma'aikatan Jinya

A wannan makon na kawo muku tarihin matar da ta ɗaga darajar aikin jinya a duniya.

An haifi Florence Nightingale ranar 12 ga Mayu, 1820 a birnin Florence na ƙasar Italiya. Iyayenta Turawan Ingila ne masu arziki. Mahaifinta da kansa ya koya mata lissafi da harsuna. Da ta nuna tana son aikin jinya, gidansu ba su yarda ba, domin a lokacin ana raina aikin. Ta dage har ta je Jamus ta samu horo a 1851.

A 1854 ana yaƙin Kirimiya, ta jagoranci mata 38 zuwa asibitin sojojin Ingila a Turkiyya. Ta tarar da ƙazanta da cunkoso. Cututtuka irin su kwalara da atini sun fi harsashi kashe sojoji. Ta sa aka riƙa wanke tufafi da zannuwan gado, aka gyara abinci. Da dare kuma takan zaga da fitila tana duba majinyata.

Bayan yaƙi ba ta cika samun lafiya ba, amma ba ta daina aiki ba. Da kuɗin da jama'a suka tara mata, ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas na Landan a 1860. Ɗalibai 15 aka fara ɗauka, horon na shekara ɗaya. Suna koyo a aji da kuma bakin gadon maras lafiya. Waɗanda suka gama sun je wasu asibitoci sun koyar da wasu. Kofoworola Pratt, wadda ta zama shugabar ma'aikatan jinya ta Nijeriya, a wannan makarantar ta yi karatu.

Florence ta kuma damu da lafiyar yara a gidajen talakawa. A 1861 ta fitar da littafi mai araha, a ciki akwai babi domin 'yan mata masu rainon ƙannensu. Ta koya musu tsabtar jiki da ta abinci, da buɗe taga don iska ta shiga. Ta kuma goyi bayan tura ma'aikatan jinya gida-gida.

Ta rasu ranar 13 ga Agusta, 1910 tana da shekara 90. Duk shekara ana bikin ranar ma'aikatan jinya ta duniya a ranar haihuwarta.

'Yan uwa, mu ma da yawanmu muna raino a gida. Mu wanke hannu da sabulu kafin mu ba ƙani abinci, mu rufe randar ruwa. Mai sha'awar zama nas kuma ya riƙe kimiyya da lissafi tun daga yanzu.