Jayavarman na Bakwai, sarkin da ya gina Bayon

Jayavarman na Bakwai ya haura shekara hamsin da haihuwa lokacin da ya hau gadon sarautar daular Khmer, a ƙasar Kambodiya ta yau, a shekarar 1181. Birnin da ya gada kuwa kango ne.

Shekaru huɗu kafin nan, a 1177, mayaƙan daular Champa, wadda take tsakiyar ƙasar Vietnam ta yanzu, sun biyo ruwa cikin jirage har tafkin Tonle Sap, suka wawashe babban birnin Angkor, suka kashe mai mulkinsa. Jayavarman, wanda ɗan sarauta ne da ya taɓa zama a ƙasar Champa, shi ya tattara runduna ya kore su. Jikokin mutanen Cham ɗin nan na nan a Kambodiya, kuma akasarinsu Musulmi ne a yau.

Mafi yawan sarakunan da suka gabace shi mabiya addinin Hindu ne. Shi kuma ya ɗaukaka addinin Buddha, ya mai da shi addinin fada.

Daga nan ya shiga gini kamar wanda ake kora. A 1186 ya keɓe haikalin Ta Prohm domin tunawa da mahaifiyarsa, a 1191 kuma haikalin Preah Khan domin mahaifinsa. Rubuce-rubucen da aka sassaƙa a kan duwatsu a zamaninsa sun ambaci asibitoci 102 da masaukan matafiya 121 a kan manyan hanyoyin daular.

Babban aikinsa shi ne sabon birnin Angkor Thom. An kewaye shi da ganuwa mai kusurwa huɗu, tsawon kowane gefe kilomita uku, da ƙofofi biyar, kuma a daidai cibiyarsa aka kafa haikalin Bayon.

Daga nesa Bayon kamar tarin duwatsu yake. Sai mutum ya hau dandamalinsa na sama zai ga hasumiyoyi sun kewaye shi, kusan kowace da manyan fuskoki na dutse suna duban gabas da yamma, kudu da arewa, da ɗan murmushi a leɓensu. Fuskokin sun kai kimanin 200. Masana sun daɗe suna saɓani: wasu na ganin Lokeshvara ne, wanda mabiya Buddha ke dangantawa da jinƙai, wasu kuma na cewa kamannin sarkin ne da kansa.

A bangon ƙasa kuwa masassaƙa sun zana yaƙin ruwa da mutanen Champa, amma ba su tsaya nan ba. Ga mata na ciniki a kasuwa, ga masunta, ga masu caca a kan faɗan zakaru, ga wata mace na naƙuda. Da wuya a samu wata shaida da ta fi wannan nuna yadda talakan Angkor ya rayu.

Gaggawar ta bar alama. Akwai sassan bangon da ba a kammala sassaƙarsu ba, kuma an yi ta sauya tsarin ginin ana cikin aiki, har wasu lungunan suka matse. Nauyin hidimar a kan talakawa ya faɗa: rubutun Ta Prohm kaɗai ya lissafa mutane kusan 80,000 daga ƙauyuka da ke ɗawainiya da wannan haikali ɗaya.

Sarkin ya mutu wajen shekarar 1218. Ba a jima ba fada ta koma ga addinin Hindu, aka bi gine-ginensa ana kankare siffofin Buddha. Babban gunkin da ke tsakiyar Bayon farfasa shi aka yi, aka jefa cikin ramin da ke ƙarƙashin babbar hasumiya, inda aka tono shi a 1933.

Sunan sarkin ma ya shuɗe. Masanan Faransa sun daɗe suna ɗaukar Bayon ginin ƙarni na tara ne, sai a 1928 George Coedès ya nuna cewa na Jayavarman ne. A 1992 hukumar UNESCO ta sanya Angkor cikin wuraren tarihi na duniya.