Nana Asma'u: Yadda 'yar Shehu Ɗanfodiyo ta isar da ilimi ga matan karkara

A duk lokacin da ake maganar Daular Usmaniyya, sunaye uku ne ke fara zuwa baki: Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahin Gwandu da ɗansa Muhammadu Bello. Sai dai akwai mace guda wadda aikinta ya shiga lungunan da tutar yaƙi ba ta iya shiga, wato cikin gidaje da ƙauyuka. Ita ce Nana Asma'u, wadda aka fi sani da Uwar Daje.

Ba ta riƙe sarauta ba, ba ta kuma jagoranci runduna ba. Amma ta kafa tsarin koyar da mata da ake kira 'Yan Taru, wanda ya rayu shekaru masu yawa bayan rasuwarta.

Tasowarta

An haifi Nana Asma'u a Degel a wajajen shekarar 1793. Sunan mahaifiyarta Maimuna. Tagwaye aka haife su, ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a kira ta Hussaina kamar yadda aka saba, sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar.

Ta tashi a gidan da karatun 'ya mace wajibi ne kamar na ɗa namiji. Ta haddace Alƙur'ani, ta kuma iya Larabci da Fulatanci da Hausa da harshen Buzaye.

Ba ta wuce shekara 11 ba lokacin da dangantaka ta yi tsami tsakanin jama'ar Shehu da Sarkin Gobir Yunfa, aka yi hijira daga Degel zuwa Gudu a 1804. Ta ga yunwa da tafiyar ƙasa da rashin 'yan uwa a shekarun yaƙin, har zuwa faɗuwar Alƙalawa a 1808.

Ta auri Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama Wazirin Sakkwato. Bayan rasuwar Shehu a 1817, tana cikin waɗanda suka tsaya wajen tattara rubuce-rubucensa da adana su.

Matsalar da ta hango

Cin yaƙi daban, gyara al'umma daban. Daular ta faɗaɗa, kuma ta ƙunshi mata masu yawa a karkara, ciki har da waɗanda yaƙi ya raba da garuruwansu. Da yawansu ba su san hukuncin alwala da sallah ba, kuma idan ciwo ko damuwa ta same su, wurin 'yan bori suke nufa.

Malamai maza ba sa shiga wurin matan aure. Littattafan da ake da su kuma na Larabci ne, harshen da waɗannan matan ba sa ji. Asma'u ta fahimci cewa muddin uwa ba ta san addininta ba, abin da aka yi jihadi dominsa ba zai zauna a cikin gida ba.

Manufarta ba ta da sarƙaƙiya: kowace mace, komai nisan ƙauyenta, ta samu ilimin da za ta yi ibada da shi, ta kuma zauna lafiya da maƙwabtanta. Abin da ya rage shi ne yadda za a isar da wannan manufa ga waɗanda za su yi aikin.

Saƙon da ake iya haddacewa

Matakin farko shi ne sauƙaƙa saƙon. Ta zuba darussa cikin waƙoƙi, domin waƙa tana zama a ka, kuma mace za ta iya rera ta tana daka ko kaɗi, ko da ba ta iya karatu ba.

Akwai waƙarta mai suna Sunago, inda ta jera sunayen surori 114 na Alƙur'ani cikin baitoci 30. Akwai Waƙar Gewaye, wadda ta ba da tarihin gwagwarmayar Shehu da jama'arsa. Ta kuma mayar da wata waƙar mahaifinta daga Fulatanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da talakawa kan haƙƙin da ke wuyan kowa.

Tana zaɓar harshe ne gwargwadon mai sauraro. Larabci na malamai ne, Fulatanci na jama'ar gidansu da makiyaya, Hausa kuwa ta mafi yawan talakawa. Ɗan'uwanta Isa ya taimaka wajen mayar da wasu ayyukanta zuwa Hausa. Ayyukanta kusan 60 ne suka iso wannan zamani.

A wata waƙar, Tawassuli Ga Mata Masu Albarka, ta jero matan kirki tun daga iyalan Annabi (SAW) har zuwa matan zamaninta. Ta haka ɗalibanta suka ga cewa neman ilimi ga mace gado ne mai asali, kuma su ma suna cikin jerin.

Malfa da jan rawani

Mataki na biyu shi ne zaɓen mutanen da za su ɗauki saƙon. Tun daga shekarun 1830, ta riƙa naɗa shugaba ga matan kowane ƙauye, wadda ake kira jaji. Dattijai masu mutunci take zaɓa, waɗanda shekarunsu suka ba su damar yin tafiya ba tare da tsegumi ba.

Jaji kan taho da ƙafa tare da wasu tsofaffi da ƙananan 'yan mata, su zauna gaban Asma'u su ɗauki karatu. Idan sun koma gida, sai su bi matan aure har ɗakunansu su koya musu. Sadakar da suke kawowa, kamar hatsi da zuma da man shanu, akan raba ta ga mabuƙata.

Kowace jaji ana ba ta malfa, a naɗa mata jan rawani a kai. Wannan ba ado ba ne kawai. A ƙasar Gobir, malfa na cikin alamun Inna, babbar mace mai faɗa a ji wadda ke shugabantar bori. Asma'u ta ɗauki alamar da mata suka riga suka sani kuma suke girmamawa, ta ɗora mata sabuwar ma'ana. Duk wanda ya hango malfar daga nesa ya san malama ce tafe, kuma ya san wadda ta aiko ta.

Ba ta kuma ɗauki waɗannan mata a matsayin 'yan aike kawai ba. Lokacin da wata jaji mai suna Hauwa'u ta rasu, ta rubuta mata waƙar ta'aziyya, kamar yadda ta rubuta wa Sarkin Musulmi Bello bayan rasuwarsa a 1837. Matar ƙauye ta samu irin karramawar da sarki ya samu, sauran kuma suka san cewa ana ganin wahalarsu.

Bayan rasuwarta

Nana Asma'u ta rasu a 1864, tana da shekara kusan 71, aka binne ta a Hubbare, kusa da mahaifinta a Sakkwato. Aikin bai tsaya ba, domin ƙanwarta Maryam ta ci gaba da jagorantar 'Yan Taru, tsarin kuma ya ɗore har bayan da Turawa suka ci Sakkwato a 1903.

A 1997 ne wasu masu bincike biyu, Jean Boyd da Beverly Mack, suka wallafa tarin ayyukanta tare da fassarar Turanci, abin da ya ƙara fito da sunanta a jami'o'in duniya. A Arewacin Najeriya kuwa, makarantun Islamiyya da ɗakunan kwanan ɗalibai mata da dama suna ɗauke da sunanta.

Masu iya magana na cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Asma'u ta san haka, shi ya sa ba ta riƙe ilimin a zaurenta ba. Ta bayyana manufarta da harshen da kowa ke ji, ta damƙa ta ga matan da ta yarda da su, ta kuma ba su alamar da za ta sa a saurare su. Allah Ya jiƙanta da rahama.