Rayuwar Magabata: Kanon Charles Robinson, Wanda Rasuwar Wansa Ta Kawo Shi Kano

Hausawa sun ce ɗan'uwa rabin jiki. Duk wanda ya taɓa binne wansa ko ƙanensa, yayarsa ko ƙanwarsa, ya san gaskiyar wannan magana fiye da yadda za mu iya faɗa. A ranar jana'iza jama'a sukan fi zuwa wurin uwa da uba, da gwauruwa da marayu, su yi musu ta'aziyya. Ɗan'uwan mamaci kuwa shi ne ke shirya kujeru, shi ke tarbar baƙi, shi ke biyan kuɗin akwati, ba wanda ya cika tambayarsa yadda zuciyarsa take. Sai an watse, gida ya yi shiru, sa'an nan nasa makokin ya fara. Saboda irin waɗannan 'yan'uwa ne muka zaɓi tarihin Kanon Charles Henry Robinson a wannan fitowa, mutumin da ya binne 'yan'uwansa tun suna da ƙuruciya, kuma rashin ɗaya daga cikinsu ya kawo shi har birnin Kano.

An haifi Charles a shekarar 1861 a garin Keynsham, a ƙasar Ingila. Mahaifinsa, Rabaran George Robinson, limamin ikkilisiyar Angilikan ne, wanda daga baya ya koma aiki a wata unguwar talakawa a birnin Libaful. Gida ne mai yawan 'ya'ya, su 13 ne, kuma yawancin mazan sun shiga aikin ikkilisiya. Ɗaya daga cikinsu, Armitage, har ya zama shugaban limaman babbar majami'ar Westminster ta Landan daga 1902 zuwa 1911. Charles ya yi karatu a Jami'ar Kambirij, aka naɗa shi aikin Ubangiji, ya yi hidima a arewacin Ingila da birnin Sidni na Ostireliya, sa'an nan ya zama malamin masu shirin limanci a garin Truro. Har zuwa wannan lokaci hanyarsa ba ta fuskanci ƙasar Hausa ba.

Wanda ya fuskance ta shi ne wansa, John Alfred Robinson, wanda ya girme shi da kamar shekara biyu. John ya zo bakin kogin Kwara a ƙarƙashin ƙungiyar mishan ta C.M.S. A shekarar 1890 shi da wani saurayi mai suna Graham Wilmot Brooke suka jagoranci wata 'yar ƙungiya zuwa Lakwaja, da nufin su koyi Hausa sosai, su nufi arewa da Bishara. Sun ajiye tufafin Turawa, suka sa riga da rawani, suka zauna cikin mutane. John mutum ne mai kaifin ƙwaƙwalwa wajen harsuna. Ya duƙufa kan Hausa, ya juya Bishara ta hannun Matiyu. Amma bai kai ga ganin Kano ba. A watan Yuni na 1891 ciwo ya kama shi, ya rasu a Lakwaja yana da shekara 32 ko ƙasa da haka. Brooke ma bai daɗe ba, ya bi shi a watan Maris na 1892.

Ba za mu ɓoye wani abu game da John ba, domin tarihin ikkilisiya bai ɓoye shi ba. Yana cikin samarin Turawan nan masu zafin kai da suka tsananta wa ma'aikata 'yan Afirka da ke ƙarƙashin Bishof Samuel Ajayi Crowther, suka zarge su, aka dakatar da waɗansunsu, har tsohon ya ƙare kwanakinsa cikin baƙin ciki a ƙarshen Disamba na 1891. Mun kawo wannan ne domin kowa ya san 'yan'uwanmu da suka riga mu ba mala'iku ba ne. Muna kukansu da kyawawan halayensu da kurakuransu duka, kuma ba dole ne mu gaji kuskuren mutum don mun gaji aikinsa ba.

Da labarin rasuwar ya isa Ingila, abokan John da danginsa suka yi shawara a kan abin da za a yi domin tunawa da shi. Suka kafa wata ƙungiya mai suna Hausa Association, wato Ƙungiyar Hausa. Manufarta ita ce a yi nazarin harshen Hausa da kyau, a kuma juya Littafi Mai Tsarki cikinsa. Ƙungiyar tana bukatar mutum ɗaya da zai ba da kansa ga wannan aiki. Wanda aka zaɓa shi ne Charles, ƙanen marigayin.

Mu lura da tsawon lokacin. John ya rasu a 1891, amma sai 1893 Charles ya bar aikinsa na Truro ya kama hanya. Shekara biyu ke nan. Waɗansu daga cikinmu sukan matsa wa mai makoki, a ce masa ai an yi bakwai, an yi arba'in, ya isa haka, Kirista ba ya yawan kuka. Amma a Bishara ta hannun Yohanna, sura 11, mun ga Marta da Maryamu suna makokin ɗan'uwansu Li'azaru, Yesu kuwa bai tsauta musu ba. Shi kansa ya zub da hawaye a wurin, ko da yake ya san abin da zai yi. Baƙin ciki yana da nasa kwanaki, kuma Ubangiji ba ya gaggawa da mai rauni.

Charles ya fara zuwa Tarabulus da Tunis, a arewacin Afirka. Mai karatu zai iya mamakin abin da ya kai mai neman Hausa can. Dalili shi ne a wancan zamani ayarin raƙuma na ratsa Sahara tsakanin Kano da Tarabulus, saboda haka akwai Hausawa da yawa a garuruwan, fatake da alhazai da waɗanda bauta ta kai su. A wurinsu ya fara koyon harshen. Da farko niyyarsa ya ratso hamada zuwa Kano, amma hakan bai yiwu ba, sai ya biyo ta teku.

A shekarar 1894 ya shigo ta kogin Kwara tare da wani likita mai suna Tonkin. Hanyar ta bi da shi ta Lakwaja, garin da wansa ya rasu shekara uku kafin nan. Daga can suka hau Binuwai zuwa Loko, suka sauka, suka kama tafiyar ƙasa da 'yan alaro ta Keffi zuwa Zariya. Ana gab da Kirsimeti na 1894 suka shiga Kano.

Birnin da suka tarar yana cikin nasa makokin. Yaƙin basasa tsakanin Tukurawa da Yusufawa, wanda ya fara a 1893, ya ci rayuka da yawa, kuma jikokin gida ɗaya ne suke faɗa da juna. Garuruwan gabas irin su Takai da Garko, ba nisa da Gaya, sun ga wannan yaƙi da idonsu. Sarki Alu, wanda ke kan gadon sarauta sa'ad da Charles ya iso, shi ma ya karɓi jagoranci ne bayan rasuwar wansa Yusufu a Garko. A cikin wannan hali baƙin suka zauna kamar wata uku. Likita Tonkin yana duba marasa lafiya, musamman kutare, Charles kuwa, duk da zazzaɓin da ya yi ta damunsa, yana tattara kalmomi da rubuce-rubucen ajami. A 1895 suka koma ta Bida zuwa bakin kogi. Tafiyar duka ta kai mil 1,500.

Charles bai kafa ikkilisiya a Kano ba, bai kuma yi wa kowa baftisma a can ba. Abin da ya koma da shi takardu ne. A 1896 ya buga labarin tafiyarsa, da kuma wani littafi na waƙoƙin Hausa da tarihin Zazzau cikin rubutun ajami tare da fassara. A 1897 ya fitar da littafin nahawun Hausa. A 1899 da 1900 ƙamusunsa na Hausa da Turanci ya fito cikin juzu'i biyu, aka yi ta gyara shi ana sake bugawa har 1925. Jami'ar Kambirij ta ɗauke shi malamin Hausa, abin da ba a taɓa yi ba a can kafin shi. Ya kuma sa hannu a aikin juya Bishara ta hannun Yohanna cikin ajami.

Aikin nasa bai rasa kurakurai ba. Wata uku a Kano ba ta isa mutum ya gane Hausa sarai ba, kuma ra'ayinsa a kan mutanen ƙasar nan da mulkin Turawa irin na Turawan zamaninsa ne, ba duka za mu yarda da shi ba. Amma waɗanda suka biyo baya sun sami abin takawa. Likita Walter Miller da abokansa, waɗanda suka zo Kano tare da Bishof Tugwell a 1900 aka sallame su, su ma a Tarabulus suka fara koyon Hausa. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932, babban ƙamusun Rabaran Bargery kuma a 1934. Tsakanin Matiyun da John ya juya a Lakwaja da Littafin da kakanninmu suka riƙe a hannu akwai shekara 41, Charles kuwa yana cikin waɗanda suka hana aikin yankewa a tsakani.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne Charles bai yi ƙoƙarin zama John ba. Bai tare a Lakwaja don ya zauna a ɗakin wansa ba. Ya ɗauki abin da wan ya bari, ya yi shi da irin baiwar da Allah ya ba shi, wato karatu da rubutu, sa'an nan ya ci gaba da tasa rayuwar. A 1902 ya zama mai kula da littattafan ƙungiyar mishan ta S.P.G. a Landan, ya riƙe wannan aiki har mutuwarsa. Ya rubuta babban littafi a kan tarihin aikin mishan a duniya, wanda ya fito a 1915, da waɗansu a kan halin Almasihu da tashinsa daga matattu.

Mutuwa ta sake shiga gidansu a watan Fabrairu na 1904. Wannan karon ƙanensa ne, Forbes Robinson, malami kuma limami a Kambirij, ya rasu yana da shekara 36. Forbes mutum ne mai shiru, mai yawan addu'a domin ɗalibansa, mai yawan rubuta musu wasiƙu. Charles ya bi abokan ƙanen nasa, ya tattara wasiƙun, ya rubuta taƙaitaccen tarihinsa, ya haɗa su littafi guda. Da farko domin dangi da abokai kawai aka buga shi, amma mutane suka yi ta nemansa, aka sake bugawa sau da yawa, ya ƙarfafa waɗanda ba su taɓa ganin Forbes ba. Wanda ya koyi tattara abin da wansa ya bari a 1891, ya san abin da zai yi sa'ad da ƙanensa ya tafi. Charles kansa ya huta a watan Nuwamba na 1925, yana da shekara 64.

To, 'yan'uwa, me wannan ya koya mana? A gidajenmu, in ɗan'uwa ya rasu, abin da aka fi saurin lissafawa shi ne gona da shanu da fili da babur. Nan ne rigima ke tashi, har a kori gwauruwa, a raba marayu, 'yan ciki ɗaya su daina gaisuwa. Amma mamaci ba dukiya kaɗai ya bari ba. Ya bar yaro a aji uku wanda ba a biya kuɗin makarantarsa ba. Ya bar tsohuwa wadda shi ke kai mata hatsi. Wata ta bar ajin makarantar Lahadi, ko matsayinta a Zumuntar Mata, ko sulhun da ta fara tsakanin dangi ba ta gama ba. Wannan ma gado ne, kuma ba a cika samun masu rububinsa ba.

Ba mu ce ɗaukar irin wannan aiki zai kawar da kewa ba. Kewar ɗan'uwa takan zauna da mutum har tsufa. Amma wanda ya sa hannu a abin kirkin da ɗan'uwansa ya bari, yakan tarar bayan shekaru cewa Allah ya ƙara masa haƙuri da tausayi da ƙarfin da bai san yana da su ba, har ya iya zama kusa da wani a ranar makokinsa. Manzo Bulus ya yi magana a kan wannan a farkon wasiƙarsa ta biyu zuwa ga Korantiyawa, inda ya nuna cewa ta'aziyyar da muka karɓa daga Allah ita ce muke miƙa wa waɗansu.

Muna roƙon fastoci da dattawan ikkilisiya, in an yi rasuwa, a tuna da 'yan'uwan mamaci. A koma musu bayan wata uku, bayan shekara, sa'ad da kowa ya manta. Kai kuma da kake cikin makoki yau, kada ka ji kunyar hawayenka, kada kuma ka yi gaggawa. In lokaci ya yi, ka duba abin da ɗan'uwanka ya bari, ka roƙi Ubangiji ya nuna maka wanda ya dace da hannunka. Allah na dukan ta'aziyya ya riƙe ku, ya kuma haɗa mu da 'yan'uwanmu a ranar tashin matattu. Amin.