Malam Muhammadu Bakatsine: Masanin Lissafin Da Ya Rasu A Alƙahira

A yau filin namu na tarihin magabata zai duba rayuwar wani malami da mafi yawanmu muka taɓa riƙe irin aikinsa a hannu ba tare da mun san sunansa ba. Duk wanda ya zauna a kasuwar Arzeke ta Parakou, ko ya ratsa zangon Djougou, ko ya yi ciniki a Malanville, ya taɓa ganin hatimi: ɗan zane mai gida-gida, kowane gida da lamba ko harafi, a jikin allo ko a takardar da aka naɗe cikin laya. Mutane da yawa ba su ganin komai a cikinsa sai asiri. To amma a ƙarƙashinsa akwai lissafi tsantsa, kuma ɗaya daga cikin mutanen da suka fi kowa rubuta dokokin wannan lissafi a zamaninsu ɗan ƙasar Hausa ne. Sunansa Muhammadu ɗan Muhammadu, Bafulatani, Bakatsine, wanda littattafan Larabci suke kira Al-Fulani Al-Kashnawi As-Sudani. Ya rasu a Alƙahira ta ƙasar Masar a shekarar 1741.

Malam Muhammadu ya tashi ne a Katsina, a lokacin da birnin yake kan ganiyarsa wajen ciniki da karatu. Ayarin raƙuma na shigowa daga arewa, fatake kuma na fita kudu maso yamma neman goro a Gwanja, kuma wannan hanya ta Gwanja ce ta raya garuruwan Borgu irin su Nikki da Parakou da Djougou, inda kakannin da yawa daga cikinmu suka sauke kaya, wasu ba su sake ɗauka ba. Tarihin sarakunan Kano ya nuna cewa a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya shigo ƙasar Hausa. Wato Malam ya rayu ne daidai lokacin da ƙirga dubban kuɗin wuri ya fara zama aikin yau da kullum a kasuwa. Ta fuskar ilmi kuwa, Katsina ta riga ta yi Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani, wanda ya rasu a 1667, saboda haka yaro mai ƙwaƙwalwa ba ya rasa zauren da zai durƙusa.

Sunayen malamansa sun iso gare mu ta hannun marubucin tarihin Masar, Abdurrahman Al-Jabarti. Daga cikinsu akwai Shehu Muhammadu Al-Wali na ƙasar Bagarmi, a Chadi ta yau, masanin tauhidi, wanda kuma ya yi suna da rubutun da ya yi yana haramta shan taba. Akwai Shehu Hashimu da Shehu Muhammadu Fodi. Sai kuma Shehu Muhammadu Bindu, wanda a wajensa ne ya sha ilmin haruffa da na wafaƙi, wato ilmin tsara hatimi. Waɗannan sunaye kaɗai sun isa su nuna cewa karatunsa bai tsaya a gari ɗaya ba. Daga Katsina har gabashin tafkin Chadi malamai da almajirai suna kai da kawowa kamar yadda fatake suke yi.

Wajajen 1730 ya kama hanyar aikin hajji. A wancan zamani tafiyar Makka ba ta mako biyu ba ce, mutum kan sallami iyalinsa sallamar da ba lallai a sake gamuwa ba, kuma haka ta kasance ga Malam, domin bai sake komawa Katsina ba. A Makka ya fara rubuta littafinsa Durrul Manzum, kan taurari da ɗalasimai, inda ya taƙaice wani tsohon littafi da ake jingina wa Fakhruddin Ar-Razi. Bayan hajji ya wuce Alƙahira, wadda a lokacin take ƙarƙashin Turkawan Daular Usmaniyya, kuma a can ya kammala shi a shekarar 1146 ta Hijira. Ya kuma yi rubutu kan mandiƙi da kan nahawun Larabci. Amma littafin da ya sa masana lissafi na duniya suke ambatonsa shi ne Bahjatul Afaƙ, wanda ya gama a 1145 ta Hijira, daidai da 1732 zuwa 1733. A cikinsa ne ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimi mai jeri mara, wato mai gida uku-uku, biyar-biyar, bakwai-bakwai, har abin da ya yi sama.

Bari mu tsaya a nan mu ga abin da ake nufi, domin mai sayar da atamfa ko man fetur da ke juya naira zuwa sefa a ka, yana kuma ninka kowace dala sau biyar ba tare da ya taɓa alƙalami ba, ba zai sha wuya ba. Ɗauki hatimi mafi ƙanƙanta, musallasi, mai gida tara. Ana so a zuba lambobi daga 1 zuwa 9, kowace sau ɗaya, ta yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko daga kusurwa zuwa kusurwa, zai ba da 15. Layin sama 8, 1, 6. Na tsakiya 3, 5, 7. Na ƙasa 4, 9, 2. Mai karatu ya tara ya gani. Hanyoyin da za a iya jera lambobi tara a gidaje tara sun kai 362,880, amma takwas ne kacal suke fitowa daidai, su ma takwas ɗin hatimi ɗaya ne ake juya shi ko a kifa shi. Mai lalube zai iya kwana yana gogewa.

Shi kuwa mai doka ba ya lalube. Ga ɗaya daga cikin hanyoyi mafi sauƙi da masana suka sani ga hatimi mai jeri mara. Ka sa 1 a gidan tsakiya na layin sama. Kowace lamba ta gaba, ka hau gida ɗaya ka matsa ɗaya dama. In ka fita ta sama, ka shigo ta ƙasa. In ka fita ta dama, ka shigo ta hagu. In ka tarar gidan da za ka shiga da lamba a ciki, sai ka sauka gidan da ke ƙarƙashin lambar da ka rubuta yanzu. Shi ke nan. Da wannan doka yaron shago zai cika muhammasi mai gida 25 kafin shayi ya huce, kowane layi ya ba shi 65, ya kuma cika mai gida 49, kowane layi 175. Irin waɗannan dokoki ne Malam Muhammadu ya tattara, ya tsara, ya kawo misalansu, tare da jan kunnen ɗalibai da kada su karaya in aikin ya ƙi, su dage har ya faɗa.

A ganina nan ne darajarsa take. Umarni ne daki-daki, wanda ko mutumin da bai san dalilinsa ba in ya bi shi sau da ƙafa zai isa ga amsa. Wannan shi ne ainihin abin da ake rubuta wa kwamfuta a yau, wanda masu fannin suke kira algoridim, kalmar da ita kanta ta samo asali daga sunan wani malamin lissafi na Bagadaza, Al-Khawarizmi.

Kuma hatimin da ake raina wa ya ba manyan kwamfutocin duniya aiki. Tambayar ita ce: hatimi iri nawa ake iya ginawa a kowane girma? Na gida tara, ɗaya ne. Na gida 16, wato murabba'i, wani Bafaranshe mai suna Frenicle ya ƙirga su da hannu ya sami 880, aka buga aikinsa a 1693. Daga nan sai hannu ya gaza. Na gida 25 sai a 1973 wani Ba'amurke, Richard Schroeppel, ya ƙirga su da kwamfuta, ya sami 275,305,224. Na gida 36 kuwa, musaddasi, wanda kowane layinsa ke ba da 111, ya gagara har shekara hamsin bayan haka, lokacin da wani malami a Japan, Hidetoshi Mino, ya haɗa ɗimbin na'urori suka yi watanni suna aiki, ya fitar da adadi a 2023, ya gyara shi a 2024: sama da biliyan sau biliyan 17.

Masu irin waɗannan jibga-jibgan kwamfutoci suna da kasuwarsu da suke ci shekara-shekara, kamar yadda muke da ranakun kasuwa. Tun 1988 ake yin wani babban taro mai suna SC a Amurka kowane watan Nuwamba, akwai kuma takwaransa ISC a Jamus. Cibiyoyin bincike na ƙasashe kan kafa rumfuna su baje abin da injinansu suka yi, kuma tun 1993 ake fitar da jerin kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi sau biyu a shekara. A 2022 wata kwamfuta mai suna Frontier da ke Oak Ridge a Amurka ta zama ta farko a jerin da ta haura lissafi biliyan sau biliyan ɗaya a cikin daƙiƙa guda. Afirka ma tana zuwa wannan kasuwa. Ɗaliban da cibiyar CHPC ta Afirka ta Kudu ta tura sun zo na ɗaya a gasar ɗalibai ta taron Jamus a 2013 da 2014 da 2016 da 2019, sannan Maroko ta ƙaddamar da tata babbar kwamfutar mai suna Toubkal a 2021. Da irinsu ake hasashen damina da ambaliya, ake binciken magunguna da man fetur.

To amma ga abin mamaki. A ce an ba Frontier aikin lalube, ta gwada kowane jeri ɗaya bayan ɗaya, kowane gwaji ya zama lissafi guda. Hatimi mai gida 25 zai ci mata kusan wata shida. Mai gida 36 kuwa zai ci shekaru fiye da biliyan sau miliyan goma. Ashe ko injin da ya fi kowane ƙarfi ba ya kai labari sai an ba shi dabarar da za ta rage masa hanya, kuma neman irin wannan dabara shi ne sana'ar da Bakatsinen nan ya yi da tawada da alƙalamin kara.

Ba za mu ɓoye ɗaya ɓangaren ba. Malam Muhammadu bai ɗauki hatimi a matsayin wasan lissafi kawai ba. A wajensa yana haɗe da sirrin haruffa da taurari, kuma ya so a riƙe ilmin a asirce. Malamai da yawa, a da da yanzu, ba su yarda da wannan fanni ba, wasu ma sun haramta shi ƙarara, kuma wannan muhawara ta malamai ce, ba ta wannan fili ba. Abin da ya dame ni shi ne yadda aka raba gadonsa biyu aka zubar da rabi. Masu bugun ƙasa sun riƙe Durrul Manzum, wanda aka buga a Masar ya kuma shiga hannun masu sayar da littattafai. Lissafin kuwa sai baƙi ne suka ɗauka. Kwafin Bahjatul Afaƙ yana ajiye a ɗakin karatu na makarantar SOAS a Landan. Malam Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kansa a Ibadan a 1967, sannan wata Ba'amurkiya, Claudia Zaslavsky, ta gabatar da shi ga duniya a littafinta kan lissafin Afirka a 1973. Amma ɗan kasuwar da ke biyan kuɗin makarantar ɗansa a Jami'ar Parakou, ko yake fatan ya kai cibiyar lissafi ta Dangbo kusa da Porto-Novo, da wuya ya taɓa jin cewa wani mai jin Hausa ya koyar da wannan fanni a Masar kusan shekara 300 da suka wuce.

A Alƙahira, Malam ya sami masauki a gidan Shehu Hasan Al-Jabarti, babban malamin Azhar wanda kakanninsa suka fito daga yankin Habasha. Shehu Hasan masanin fiƙihu ne da taurari da kayan awo, kuma a wajen baƙon nasa Bakatsine ya karanci ilmin wafaƙi. Wannan mai masauki mutum ne da ya kamata 'yan kasuwa su san shi, domin shekaru bayan haka, da ma'aunan kasuwannin Alƙahira suka lalace har ana cutar mutane, shi ne ya tara maƙera da masu awo ya gyara su, ya kuma rubuta littafi a kan sikeli.

A wannan gida ne ajali ya riski Malam Muhammadu a shekarar 1154 ta Hijira, wato 1741. Ya bar wasiyyar littattafansa a hannun Shehu Hasan, aka kuma binne shi a maƙabartar malamai ta Alƙahira. Ɗan mai gidan, Abdurrahman, ba a haife shi ba sai bayan fiye da shekara goma, saboda haka bai taɓa ganin Bakatsinen ba. Ya tashi ne ya tarar da littattafansa a ɗakin mahaifinsa, kuma da ya zo rubuta babban tarihinsa na Masar, Aja'ibul Asar, sai ya sa shi a cikin manyan malaman da suka rasu a wancan zamani, da sunan garinsu da sunayen malamansa. Allah Ya jiƙansa.