Bruce McLaren, Gwanin Tseren Mota

Can gabas da Ostareliya akwai wata ƙasa a tsakiyar teku, sunanta Niyu Zilan. A babban birninta na kasuwanci, watau Okland, aka haifi Bruce McLaren ran 30 ga watan Agusta, 1937. Ubansa yana da gidan mai da garejin gyaran motoci, saboda haka yaron nan ya tashi cikin makanikai.

Yana da shekara 9 sai wani ciwo ya kama ƙashin kwankwasonsa. Aka kai shi gidan jiyyar yara, aka ɗaure shi a kan gado, ya yi wajen shekara biyu bai taka ƙasa ba. Da ya warke sai aka ga ƙafarsa ta hagu ta fi ta dama gajarta. Har ya mutu yana ɗingishi.

To, amma wannan bai karya masa zuciya ba. Da ya komo gida ya shiga taya ubansa aiki, suka gyara wata tsohuwar ƙaramar mota ƙirar Austin 7. Da ita ya fara shiga tsere a 1952. Kuma ya karanta aikin injiniya, don ba tuƙi kaɗai yake so ya iya ba, yana so ya san abin da ke sa mota gudu.

A 1958 mutanen ƙasarsa suka zaɓe shi suka aika da shi Ingila. Can ya shiga kamfanin Cooper, inda wani gwani mutumin Ostareliya, Jack Brabham, ya riƙe shi kamar ƙane. A 1959 ya ci babban tseren Amurka a garin Sebring, yana da shekara 22 kacal.

Bayan wannan sai ya ga ya kamata ya ƙera motoci da kansa. A 1963 ya kafa ƙungiyarsa, ya tara samari masu himma. Ko da yake shi ne maigida, bai zauna ofis yana ba da umurni ba. Shi ke zana mota, ya sa hannu a ƙera ta, sa'an nan ya shiga ya gwada ta kafin ya ba wani.

A 1966 shi da ɗan ƙasarsu Chris Amon suka ci tseren Le Mans a Faransa cikin motar Ford. Wannan tsere awa 24 ake yi, dare da rana, direbobi suna karɓar juna. A 1968 ya ci tseren Beljiyam da motar da ke ɗauke da sunansa. A 1969 kuwa aka yi tsere 11 a gasar Kanada da Amurka, motocinsa masu launin ruwan goro suka cinye duka.

Ran 2 ga watan Yuni, 1970, ya tafi filin Goodwood a Ingila don ya gwada wata sabuwar mota. Yana cikin tsananin gudu sai murfin bayanta ya ɓalle, motar ta ƙwace, ta bugi wani gini a gefen hanya. Nan take ya mutu, yana da shekara 32. Ya bar mata da 'ya ɗaya ƙarama.

Mutanensa suka yi baƙin ciki ƙwarai, amma ba su watse ba, gama ya riga ya koya musu aiki. Kafin mako biyu sun kai motoci Kanada, suka ci tsere. A shekaran nan aka yi tsere 10, suka ci 9. A 1974 direban ƙungiyar, Emerson Fittipaldi, ya zama zakaran duniya.

Ku lura, yaron da ya yi shekara biyu kwance shi ne ya kafa wannan aiki. Bai daɗe a duniya ba, amma da yake ya koya wa na ƙasa da shi abin da ya sani, aikinsa bai bi shi kabari ba.